Tsohuwar MGB da ƙaramin aljihu: me za a fara gyarawa?

Motar da ake magana a kanta MGB GT ce ƙirar 1972, mai kujeru biyu a gaba da wani ɗan benci a baya wanda ko ɗan firamare zai takura a kansa. Wani malamin makaranta da ya yi ritaya a tsakiyar Ingila ne ya saye ta daga hannun magadan wani dattijo, bayan ta shafe shekaru a kulle a gareji. Kuɗin da ya ware wa gyaranta ba su taka kara sun karya ba, kuma tun kafin a jawo ta gida ya gama rabon su a takarda: sabon fenti, wili na alminiyam irin na motocin tsere, kafireta Weber, da salansa mai kuka. Shekara ta zagayo bai sayi ko ɗaya daga cikin huɗun ba, kuma a ganina bai taɓa yi wa motar alherin da ya kai wannan ba.

Sai an san irin motar kafin a gane dalili. Kamfanin MG ya ƙera MGB a masana'antarsa ta Abingdon, kusa da Oxford, daga 1962 har aka rufe masana'antar a watan Oktoba na 1980, kuma an fitar da fiye da rabin miliyan. Ta farko buɗaɗɗiya ce mai rumfar tamfol. Mai rufin ƙarfe, wato GT, ta zo a 1965, da sa hannun gidan zane na Pininfarina na Italiya a fasalin rufinta. Injinta mai silinda huɗu ne, cc 1798, da kafireta biyu ƙirar SU, ƙarfinsa wajen doki 95. Ko a zamaninta ba gudun fitar hankali take yi ba, da kaɗan take haura mil 100 a awa. Daɗinta yana wajen yadda take bin kwana da yadda direba ke jin titi a tafin hannunsa.

Yawan da aka ƙera ya sa kayan gyaranta ba su yanke ba. Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage yake buga sabon bodin MGB sukutum da injinan bugu na asali, kuma dillalan Ingila da Amurka suna sayar da kusan komai nata, daga kusoshi har kujeru. Wannan wadata tana da nata tarko. Littafin kayan da dillali zai aiko maka cike yake da abubuwa masu ƙyalli, kowanne da alkawarin ƙara gudu ko ƙara kyau, kuma mai sabuwar tsohuwar mota yana buɗe shi ne daidai lokacin da zumuɗi ya fi ƙarfinsa.

Abin da ke ƙarƙashin fenti

Malamin ya yi dabara ɗaya tun farko: ya biya wani tsohon bakanike da ya daɗe yana aikin motocin MG kuɗin yini guda, ya ɗaga motar sama su duba ta tare, ba tare da an kwance wani babban abu ba. Kayan aikin ranar ba su wuce tocilan da sukudireba da ɗan maganaɗisu ba.

MGB ba ta da shasi daban da bodi. Bodin ne ƙashin bayanta, kuma ƙarfinsa ya dogara ne a kan dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin ƙofofi, dama da hagu, inda mutum ke tsallakewa in zai shiga. Kowanne akwati ne mai hawa-hawa: akwai fallen waje da ido ke gani, akwai wani a tsaye a tsakiya, akwai na ciki, sannan akwai na ƙasa da ya haɗa su da daɓen motar. Ruwa da taɓo suna shiga ta bayan tayar gaba su kwanta a ciki. A Ingila kuma ana watsa gishiri a tituna lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishirin nan ya bi ruwa ya shige. Saboda haka tsatsar daga ciki take farawa, sai ta gama cin fallen tsakiya kafin fenti ya nuna ko ƙurji ɗaya. Wanda ya saba da tsofaffin Fijo na ƙasar Hausa, inda bushewar iska ke barin ƙarfe ya yi shekaru arba'in lafiya, zai yi mamakin yadda mota ke ruɓewa a can alhali samanta yana sheƙi.

A wannan motar wani ya taɓa lulluɓe wurin da farin ƙarfe mai ƙyalli, irin da ake sayarwa a matsayin ado. Da aka kwance shi, sai ga ramuka a gefen hagu da yatsa ke shiga. Maganaɗisun ya ƙi kama ƙasan fiffiken baya, alamar ƙullin fila ne a wurin, ba ƙarfe ba. Bakaniken ya soka sukudireba kusa da inda ake kafa jak, ta wuce ba gardama, garin tsatsa ya zubo masa a hannun riga. Gefen dama da sauƙi, amma shi ma ya fara. Da buɗaɗɗiyar MGB ce, da ƙofofi sun tona asirin tuntuni, domin idan ƙarafan nan suka mutu motar tana lotsawa a tsakiya, ƙofa ta riƙa cijewa. Rufin GT yana riƙe ta, ya ɓoye ciwon har ya yi nisa.

Gyaran wurin nan na da tsada saboda aikin hannu ne. Ƙarafan kansu ba su da wani kuɗi, amma ƙarshensu na gaba yana ɓoye a bayan fiffiken gaba, na baya kuma a bayan fiffiken baya, dole a kwance ɗaya a yanke ƙasan ɗayan kafin mai walda ya kai ga aikin. Ana iya liƙa faci a waje a shafe da baƙin fenti, kuma da yawa haka suke yi. Facin ba ya mayar da ƙarfin da ya tafi, ranar da aka yi karo kuwa, wurin da ya kamata ya tare bugun shi ne zai fara naɗewa, kuma a daidai ƙugun direba yake.

A nan fiye da rabin kuɗin malamin suka tafi. An sake ƙarafan hagu gaba ɗaya, an gyara na dama, an yi wa wurin da sifirin na baya ke rataye walda, sannan aka fesa kakin hana tsatsa a cikin kowane rami. Fenti kuwa iya inda aka taɓa aka yi. Launin sabon bai zo daidai da tsohon ɗari bisa ɗari ba, wanda ya tsaya kusa zai gani. Da ya fara da fentin da ya yi niyya, da bayan shekara biyu ko uku an sare sabon fentin don a kai ga wannan aikin dai, ya biya sau biyu.

Akwai wani abu a dokar Birtaniya da ya sa nake ganin wannan dubawa ta zama dole. Tun watan Mayu na 2018, motar da ta haura shekara 40 kuma ba a sauya mata fasali sosai ba, an ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da ake kira MOT. Wato wannan MGB, da ramukanta da komai, babu wanda zai tilasta a duba ta kafin ta hau titi, ko da yake doka ta ɗora wa mai ita alhakin tabbatar da lafiyarta. Malamin ya ci gaba da kai ta gwajin don kansa. Kuɗin kaɗan ne, kuma ido na biyu a ƙarƙashin mota mai shekara hamsin ba abin rainawa ba ne.

Birki, taya, tiyon fetur

Birkin MGB faifai ne a gaba, ganga a baya, kuma idan yana da lafiya ya ishi nauyinta. Sai dai ƙirar 1972 ta kasuwar Birtaniya layin man birki ɗaya gare ta. Motocin yanzu layi biyu ne, in ɗaya ya fashe ɗaya ya tsayar da kai. A wannan kuwa, tiyo ɗaya ya tsage, ƙafarka za ta tafi har ƙasa, ba abin da ya rage sai birkin hannu. Shi ya sa ba a yi ciniki a nan ba: an sake tiyon roba ukun nan, biyu a gaba ɗaya a baya, an sake bututan ƙarfen da suka yi tsatsa da na gaurayen tagulla, an sa sababbin robobi a masta, an sake silindodin baya da ke yoyo, an zubar da tsohon man. Man birki yana shan danshin iska, shi ya sa ake sake shi duk shekara biyu, na wannan motar kuwa ya koma kalar shayi. Birkin hannu ya cije ne kawai a mahaɗarsa da ke jikin aksul, giris ya warware shi. Malamin ya tambaya ko a sa manyan kalifa, wato ƙarafan da ke matse faifan birki, masu fistin huɗu. Bakaniken ya ce masa ya fara taka na asalin da lafiyarsa tukuna. Bai sake tayar da maganar ba.

Tayoyin su ne suka fi yaudara. Zanensu a cike yake, kamar ba a taɓa hawa ba. Amma a gefen kowace taya akwai lambar ranar da aka yi ta: tun 2000 lambobi huɗu ne, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Na wannan motar lambobi uku ne, ma'ana tun kafin 2000 aka buga su. Roba ta bushe ta ƙeƙashe, a jiƙaƙƙen titi ba abin da za ta kama. Ya sayi sababbi masu kyau a girman asali, 165 a wili mai inci 14, ya wanke tsofaffin wilin ƙarfen ya yi musu fenti da hannunsa. Ban san wani abu da ke sauya tafiyar tsohuwar mota nan take kamar sabuwar taya ba, kuma faɗaɗa ta fiye da ƙima a MGB nauyin sitiyari kawai yake ƙarawa, tunda sitiyarin ƙarfin hannu ne.

Sai fetur. Tun watan Satumba na 2021 fetur na gama-gari a Birtaniya ya koma E10, mai ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100. Itanol yana cin tsohuwar roba, yana kuma jawo ruwa cikin tanki. A injin MGB kafiretocin biyu suna zaune ne daidai saman bututun hayaƙi mai zafi, ɗigon fetur a wurin gobara ce. An sake duk tiyon fetur da irin da ke jure itanol, an sa sababbin allurai a kofunan kafireta, malamin kuma ya koma shan fetur mai tsada, E5, mai ƙarancin itanol. Tankin ma an sauke shi, domin na MGB ta sama yake ruɓewa, inda taɓo ke kwanciya tsakaninsa da daɓen but. Warin fetur da ake ji idan an cika tanki daga nan yake. An sa sabo.

Injin da ba a buɗe ba

Mutane da yawa da sun sayi tsohuwar mota injin suke fara tsoro. Na MGB ƙarfen zubi ne mai haƙuri, kuma tun ƙarshen 1964 aka ƙara masa madogaran kiranshaf daga uku zuwa biyar. An auna matsin kowace silinda, huɗun sun zo kusa da juna. Agogon matsin baƙin mai, wanda littafin kamfani ya ce ya zauna tsakanin 50 da 80 idan ana tafiya, ya zauna a cikin ƙa'idar bayan injin ya yi zafi. Da haka aka yanke shawarar ba za a buɗe shi ba. An juye mai aka zuba 20W-50, an sake filta da fulogi da fambel, an saita bawul, an wanke lagireta aka sake tiyoyin ruwa.

Wani ɗan abu da ya kusa wucewa: famfon ruwan hita a wannan injin yana zaune ne a saman distirbuta. In ya fara ɗiga, a kan wutar injin yake ɗiga, mota ta riƙa shaƙewa a rasa dalili. Akwai farin busasshen tabo a jikinsa, aka sake shi da kuɗin da bai kai na cika tanki ba.

Maganar da aka fi jayayya a kanta ita ce ta kan silinda. An ƙera injin ne don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a gidajen man Birtaniya a 2000. Dalmar tana kare mazaunin bawul ɗin hayaƙi, in babu ita mazaunin yana iya cinyewa a hankali, musamman a dogon gudu mai zafi. Maganin dindindin shi ne a cire kan a dasa masa mazaunai masu tauri. Amma motar da ake fita da ita ranar hutu a ƙananan hanyoyi tana iya shekaru ba ta nuna komai ba. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce a riƙa zuba maganin da ke maye gurbin dalma, a riƙa auna tazarar bawul a kowane sabis. Ranar da tazarar ta fara tsukewa, ko wani dalili ya sa dole a cire kan, sai a yi aikin gaba ɗaya. Na yarda da wannan. Kwance lafiyayyen inji don tsoron abin da ana iya hango zuwansa da ma'auni ɓarnar kuɗi ce ga mai ƙaramin aljihu.

Ƙarin da ya cancanci kuɗinsa

Abin da ya rage bayan wannan duka ɗan kaɗan ne, kuma an kashe shi ne a wuraren da aka san ƙirar tana da rauni.

Wutar fitilun gaba a MGB tana bi ne ta cikin makunnin da ke gaban direba kai tsaye, ba fiyus a hanyarta. Bayan shekara hamsin kowace mahaɗa ta yi kore, wutar tana raguwa a hanya, makunnin yana zafi, fitila tana ci ja-ja kamar aci-balbal. An sa rile biyu, ƙananan makunnai da ke ɗauke wa babban makunnin nauyin wutar, da fiyus kusa da fitilun, aka goge mahaɗan wayoyi ɗaya bayan ɗaya, aka sa ƙwan halojin. Kayan wutar kamfanin Lucas, waɗanda ke jikin MGB, sun yi ƙaurin suna wajen lalacewa, amma mafi yawan abin da ake ɗora musu dattin mahaɗa ne da wayar ƙasa da ta saki. Aikin yammaci ɗaya ne, kuma malamin da kansa ya yi.

A cikin distirbuta an cire kwantak da kwandensa aka sa ɗan na'urar lantarki da ke ɓuya a ƙarƙashin murfi. Ba ta ƙara doki ko ɗaya. Amfaninta shi ne saitin wuta ya daina gocewa, mota ta riƙa tashi da safe ba roƙo. Tsohon kwantak ɗin yana cikin akwatin gaban mota a ƙulle a leda, domin na'urar in ta mutu a hanya ba a gyara ta, kwantak kuwa ana mayar da shi da sukudireba. Famfon fetur na SU, wanda ke ƙarƙashin mota ta baya, shi ma kwantak gare shi, kuma ya saba cijewa in mota ta daɗe a ajiye, har masu MGB sun san dabarar ƙwanƙwasa shi ya farka. An sa irinsa na lantarki. Batura biyu masu bolt 6 da ke ƙarƙashin bencin baya, waɗanda kamfanin ya yi amfani da su har 1974, an maye su da guda ɗaya mai bolt 12 da ya shiga rami ɗaya.

Ƙafafun gaba sun fi ba da mamaki. Motar tana yawo a titi, tana ƙara a kan gargada, malamin ya ɗauka sai an sa mata shokozoba na zamani. Na MGB irin mai hannu ne, na gaban ma hannunsa shi ne ƙashin sama na ƙafar. Da aka duba, ɗaya ya zubar da mansa, bushin ɗin roba duk sun narke, kimfin kuma, wato sandar da tayar gaba ke juyawa a kanta in an murza sitiyari, ya bushe don an daɗe ba a ba shi giris ba, alhali kowane mil 3,000 yake so. An sa shokozoba irin na asali da aka sabunta, an sake bushin, an sake kimfin ɗaya. Ƙari ɗaya tak aka yi, sandar hana tangaɗi ta gaba mai ɗan kauri fiye da ta asali. Abin da mutane ke yabawa bayan sun sa kayan zamani, sau da yawa bambancin sabo da mataccen tsoho suke ji, da sun sa sabon na asali ma da sun ji shi.

Motar ta zo da obadirayib, wata ƙaramar giya ta ƙari a bayan giyabos da ake kunnawa da makunni a giya ta uku da ta huɗu, tana rage juyin inji da kusan kashi 18 cikin 100 a babban titi. A 1972 sai wanda ya biya ƙari ake sa wa. Ta wannan motar ba ta aiki, kuma an gaya wa malamin tun wajen saye cewa sai dai ya sa giyabos mai giya biyar, aikin da zai cinye kuɗin waldar nan ko fiye. Bakaniken ya fara da mai, domin da matsin mai take aiki, kuma giyabos ɗin MGB baƙin man inji yake sha. Man ya yi ƙasa, matatarta ta toshe. Bayan wannan sai wani ɗan makunni a saman giyabos, wanda ke hana obadirayib ɗin kamawa idan mota tana giyar baya, shi ma ya saki. Wurin da wuyar kai hannu, an sha fama, amma kuɗin kayan bai fi na fulogi ba.

Weber ɗin fa? Kafireta ce mai kyau a injin da aka yi wa aikin tsere, aka sauya masa kam aka buɗe masa hanyoyin iska. A injin da yake yadda ya fito daga Abingdon, abin da za ta ƙara kaɗan ne, ta ƙara shan mai, kuma sai an kai ta wurin masu na'urar saiti an biya. SU biyun da aka wanke, aka sake musu sandunan totur da suka cinye, aka daidaita su da juna, sun ba motar duk abin da injin ke iya bayarwa. Salansar da ke jiki ba ta huje ba, aka bar ta.

Yanzu motar tana fita kusan kowane mako daga bazara zuwa kaka, ana ajiye ta in an fara watsa gishiri. Abin da ke gaba a lissafin malamin shi ne kuloci, wanda ya fara kamawa a sama. A MGB ba a sake kuloci sai an fitar da inji, saboda haka yana tara kuɗi ne don a haɗa aikin wuri ɗaya: kuloci, robar man bayan inji, madogaran inji, da mazaunan bawul tunda injin zai riga ya sauka. Bel ɗin kujera na asali ma za a sake su da masu naɗe kansu kafin lokacin. Fenti yana nan a lissafin, a layi na ƙarshe, bayan an sake buɗe gefen dama an ga yadda kakin ya riƙe.